Sabo na kasuwa, na cire, ko na oda: wane transisto za ka ɗaura wa amfilifaya?

Saura kwana tara a kama azumi aka kawo mini amfilifayar wani masallacin Juma'a a bayan babur, naɗe cikin darduma. Ladan ne ya rako ta da kansa. Ya ce, "Malam, a taimaka, da ita za a yi tafsiri, ba mu da wata." Da na buɗe na tarar ɓangare guda ya tafi gaba ɗaya: manyan transistocin da ke tura wuta ga lasifika, 2SC5200 huɗu da 2SA1943 huɗu, duk sun yi shot. Na aiki yarona kasuwa, ya dawo da guda takwas sababbi fil, rubutu raɗau, sunan kamfani a jiki. Na ɗora kowanne a mita, lafiya ƙalau. Na ɗaura, na kunna, ta fi awa guda tana karatu a shago. Ranar Juma'a liman bai kai rabin huɗuba ba ta yi hayaƙi, ta haɗa da lasifika biyu. Da suka dawo da ita Ladan bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, mutanen waje ba su ji huɗuba ba." Har yau maganar nan tana cina.

A daren na ɗauki ɗaya daga sababbin, na ɗauki ɗaya daga tsofaffin da kamfani ya ɗaura tun farko, na kwantar da su a kan ƙarfe na fasa baƙar robar da guduma. A cikin tsohon akwai ƙwayar silikon mai faɗi, zaune daram a kan jan ƙarfe mai kauri. A cikin sabon kuwa wata 'yar mitsitsiya ce da ba ta kai rabin waccan ba, an lulluɓe ta da wani farin danƙo, da siraran wayoyi kamar gashi. A waje ba ka iya bambance su. Kama da wane dai ba ta wane.

Duk rigimar jabun transisto a kan ƙwayar nan take. Takardar bayanin Toshiba, kamfanin da ke yin su, ta ce 2SC5200 yana jure bolt 230, amfiya 15, wat 150, haka ma abokin tafiyarsa 2SA1943. Amma wat 150 ɗin nan sai idan jikinsa yana kan digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya hau, wat 1.2 ya ragu, ka ga idan ya kai digiri 75 saura wat 90. Mu kuwa a bazara iskar gari kanta tana wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, ga janareta wutarsa na hawa da sauka. Yanzu ɗauki amfilifaya mai bolt 60 a kowane gefe, transisto huɗu sama huɗu ƙasa, an jona mata lasifika mai om 4. A daidai lokacin da sauti ya kai rabin hanya, bolt 30 na kan lasifika, amfiya 7.5 na gudu, sauran bolt 30 kuma na kan transistocin. Wat 225 ke nan a kan guda huɗu, kowanne ya ɗauki kusan 56. Na asali zai ɗauka da sauran sarari. Ƙaramar ƙwaya kuwa ba ta da faɗin da za ta baza zafin, sai wutar ta taru wuri guda, wurin ya ƙara zafi, ya ƙara jan wuta, cikin ƙiftawar ido ya narke. Da ɗaya ya yi shot sai ya ja 'yan uwansa, bolt 60 ta zarce kai tsaye cikin lasifika.

Mita ba za ta taɓa gaya maka wannan ba. Idan ka juya ta wajen gwajin dayod, wutar da take turawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ba, ko kusa da haka. Abin da take tabbatarwa kawai shi ne akwai transisto a ciki kuma bai ƙone ba. Kunnawa a shago ma haka: kana sauraro a hankali, wat biyu ko uku, jabu zai yi kwana yana waƙa.

Hanyoyin samun kaya uku ne a gaban mai gyara a yankinmu. Ko ka sayi sabo a rumfar kasuwa, ko ka ciro daga matacciyar amfilifaya, ko ka yi oda daga dillalan da kamfanonin suka amince da su. Na bi duk ukun, kuma kowacce da ranarta.

Na kasuwa shi ne mafi kusa, mafi araha, kuma nan ne caca take. Ba na cewa duk abin da ke kasuwa jabu ne, kuma ba na zargin masu rumfa, don da yawansu su ma haka aka sayar musu a kwali. Wasu ma za su gaya maka gaskiya: "Wannan na ɗaya ne, wannan na biyu." Sannan akwai abin da ya kamata a raba da jabu. Kamfanoni da dama suna yin 2SC5200 da sunansu na kansu. Fairchild ta yi, kuma tun da ON Semiconductor ta saye ta a 2016 aka ci gaba da yi a can. UTC ta Taiwan ma tana yi. Wanda ya sa tambarinsa ya fitar da takardar bayaninsa bai yaudare ka ba, sai ka karanta ka ga ko ya ishe ka. Jabu shi ne wanda ya ari sunan wani. Ni kam na fi natsuwa da ƙaramin kamfani da ya bayyana kansa a kan wanda ke ɗauke da babban suna a farashin goro.

Farashin ma shi ne alama ta farko. Duba nawa manyan dillalai ke sayar da shi ga wanda ya sayi dubu guda. Idan mai rumfa ya ba ka ƙwaya ɗaya ƙasa da haka, bayan kuɗin jirgi da na kwastan da ribarsa, to ruwa ba ya tsami banza.

Daga nan sai ido da hannu. Ɗiga tina ko ruwan goge jan farce a auduga ka murza rubutun. Idan ya bi audugar, ajiye shi. Karkata fuskarsa a hasken rana: wanda aka goge da sanfefa aka sake bugawa yana nuna 'yan layuka, kuma ƙananan ramukan da injin zuba roba ke bari sukan dushe. Juya bayansa ka ɗora ƙarfen awo, ya zama shafal, don mai ƙusumbi ba zai kwanta a kan alminiyon da ke kwashe masa zafi ba ko da ƙwayarsa ta gaske ce. Idan kana da maƙwabci mai sayar da gwal, ari sikelinsa: 2SC5200 na Toshiba a babban jikinsa giram 9.75 ne a takarda, wanda ya gaza da yawa an rage masa jan ƙarfe. Kawo maganaɗisun tsohuwar lasifika kusa da bayansa, bai kamata ya kama ba. Sai dai kar ka kai wannan gwajin kan masu hular ƙarfe irin MJ15003 da MJ15024 da 2N3055, don yawancinsu da baƙin ƙarfe ake yin jikinsu, na asalin ma yana kama maganaɗisu.

Sanin tarihin kaya yana kama wasu tun kafin ka taɓa su. Motorola ta ware sashenta mai yin waɗannan transistocin a 1999, ya koma ON Semiconductor. Don haka MJ15003 mai tambarin Motorola da lambar shekarar da ta wuce wannan lokacin da nisa ya riga ya tona kansa. Haka 2SC3281 da 2SA1302, Toshiba ta daina yin su fiye da shekara ashirin, amma har gobe za ka gan su sababbi cike da leda. Faffaɗan nan na Sanken masu ramin kusa biyu, 2SC3858 da 2SA1494, ko 2SC2922 da 2SA1216, su ma suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, saboda tsadarsu.

Duk waɗannan gwaje-gwajen ido suna kama jabu na ƙasa-ƙasa ne kawai. Masu yi sun ƙware, yanzu da leza suke rubutu, jan ƙarfe suke sawa, nauyi ya yi daidai. Waɗanda suka ƙona mini amfilifayar masallaci da sun tsallake tina da maganaɗisu duka. Abin da ba za su iya ɓoyewa ba shi ne girman ƙwaya, kuma akwai hanyar leƙa shi ba tare da guduma ba.

Mita mai auna kafasita ita ce. Transisto ƙafa uku gare shi, B da C da E. Tsakanin ƙafar B da ƙafar C akwai 'yar ajiyar wuta da ke ƙaruwa gwargwadon faɗin ƙwaya. Da pF ake auna ajiyar nan. Toshiba ta rubuta pF 200 ga 2SC5200, pF 360 ga 2SA1943, amma a kan bolt 10 ta auna, mitarka kuwa kusan babu bolt take aunawa, saboda haka lambar da za ka gani za ta fi wannan. Kar ka bi lambar takarda. Ka ajiye guda ɗaya NPN, wato 2SC5200, da guda ɗaya PNP, wato 2SA1943, waɗanda ka tabbatar na asali ne, ka rubuta abin da mitarka ke nunawa a kansu, tsakanin B da C, da tsakanin B da E. Su ne ma'auninka. Sabon da ya nuna rabin wannan ko ƙasa, ƙwayarsa ƙarama ce, magana ta ƙare. Nawa biyun suna cikin gwangwanin madara a aljihun tebur, kuma na hana yara taɓa su. A kula da abu guda: TTC5200 da TTA1943, waɗanda Toshiba ta fitar daga baya, na gaskiyarsu ma suna nuna ƙasa da tsofaffin, don haka su ma sai ka nemi nasu ma'aunin daban.

Sai lambar ƙarin ƙarfi, wadda mita ke rubutawa hFE. Harafin R a jikin 2SC5200 ko 2SA1943 yana nufin 55 zuwa 110, harafin O kuma 80 zuwa 160, a kan amfiya 1. Ƙananan na'urorin gwaji ba sa kaiwa nan, amma idan ka ga babban transisto yana nuna 250 ko 300, ka yi shakka, don wannan halin ƙananan ƙwayoyi ne. Na asali ko a amfiya 7 ba ya sauka ƙasa da 35. Jabu kan faɗi warwas tun kafin nan, shi ya sa wani lokaci amfilifaya ba ta ƙonewa amma da an ɗaga murya sai sauti ya shaƙe.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na ɗora masa kaya. Ɗaure shi a kan babban alminiyo da man zafi. Sa rasista mai om 1, wat 10, daga ƙafar E zuwa ƙasa, wato wayar bolt sifili. Ba wa ƙafar B kimanin bolt 2.7, ƙafar C kuma bolt 42 ta cikin fis. Amfiya 2 za ta gudu, bolt 40 na kansa, wat 80 ke nan. Ƙirga daƙiƙa goma. Na asali zai ɗumama ya zauna lafiya, mai ƙaramar ƙwaya sau da yawa ba ya kai ƙarshen ƙirgar. Ga PNP sai ka juya wayoyin wutar. Wanda bai saba da irin wannan haɗi ba kar ya fara shi kaɗai, kuma kowa ya tuna manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an zare soket. Idan duk wannan ya yi maka nisa, to sayi tara maimakon takwas, ka fasa ɗaya a gaban mai rumfa kafin ka biya sauran. Ka dai zaɓa da hannunka daga cikin ledar da za a ba ka.

Na cire ba shi da kyan gani. Ƙafafu gajeru, guntun dalma a jiki, busasshen farin mai a baya. Amma idan daga amfilifayar kamfanin kirki ya fito, wadda ba a taɓa buɗewa ba, to ka san abu mafi muhimmanci: kamfanin da ya ƙera ta ba a rumfa ya sayi kayansa ba. Ƙari a kan haka, waɗanda suka zauna a layi ɗaya galibi 'yan buhu ɗaya ne, halinsu ya yi kusa, suna raba kaya daidai. Shi ya sa ba na barin matacciyar amfilifaya ta wuce ni a wajen 'yan gwangwan. Wadda tiransifomarta ta ƙone, ko ɓangare ɗaya ya mutu ɗaya na da rai, taska ce.

Haɗarinsa biyu. Na farko, wanda aka ciro daga ɓangaren da ya ƙone yana iya nuna lafiya a mita alhali ya sha wuya, yana yoyon wuta idan ya ji bolt mai yawa. Daga ɓangaren da ya ƙone ba na ɗaukar ko ɗaya, komai kyansa. Na biyu, ka duba ko wani mai gyara ya riga ka shiga. Dalmar kamfani santsi gare ta kuma iri ɗaya ce a kowace ƙafa. Idan ka ga tabon hannu, wataƙila jabun da wani ya ɗaura bara kake cirowa. Waɗanda ake sayarwa a tire da sunan na cire ma ba a rufe ido a kansu, don akwai masu shafa wa sabon jabu dalma da farin mai ya yi kama da tsoho, tun da sun gane masu gyara sun fi yarda da shi. Gwajin kafasita yana raba wannan gardamar. Matsalar na cire ta gaskiya ita ce adadi: kana neman goma sha biyu iri ɗaya, sai ka samu biyar.

Oda kuwa daga Mouser ko DigiKey a Amurka, ko RS da Farnell a Ingila, ita ce kaɗai hanyar da ba sai ka fasa komai ba, domin kai tsaye daga kamfani suke karɓa. Wahalarta sananniya ce: dala, katin banki da zai yarda ya biya, kuɗin aike da kan fi kuɗin kayan idan kaɗan ne, kwastan, da jira. Mai amfilifayar da ke da biki ranar Asabar ba zai jira ba. Maganin da na gani yana aiki shi ne karo-karo. Masu gyara biyar ko shida su haɗa kuɗi kamar adashe, a yi oda ɗaya babba a raba, kuɗin aike ya narke a tsakani, kowa ya ajiye na gaggawa. Kar a haɗa wannan da manyan kasuwannin intanet inda kowa ke buɗe shago ya liƙa hoton da ya ga dama. Wannan rumfar kasuwa ce ita ma, sai dai ba ka iya taɓa kayan kafin ka biya.

Oda tana kuma buɗe maka ƙofar canji. MJL3281A da MJL1302A na onsemi, wato ON Semiconductor, suna ɗaukar bolt 260, amfiya 15, wat 200, jiki da jerin ƙafafu iri ɗaya da 2SC5200 da 2SA1943, saurinsu ma kusan ɗaya, saboda haka su na fi so idan zan musanya. MJL21194 da MJL21193, bolt 250, amfiya 16, wat 200, sun fi taurin kai wajen jure duka, amma ba su kai waɗancan sauri ba, megahaz 4 a maimakon 30. A injin da ke tuƙa manyan lasifikun bas suna da daɗin aiki, a wasu injinan kuma sai ka lura ko canjin ya sa ta zafi ba dalili. Kowanne ka zaɓa, a canza layin gaba ɗaya. Kar a cakuɗa iri biyu a gefe guda, don wanda ya fi saurin buɗewa shi zai kwashi kayan ya mutu.

To wanne za a ɗauka? Ni ga yadda nake yankewa. Ƙaramar amfilifayar ɗaki ko ta shago, mai bolt 35 ko ƙasa a kowane gefe, lasifika om 8, na kasuwa da ya ci gwajin kafasita ya ishe ta, kuma ina gaya wa mai ita abin da na sa. Injin masallaci, na makaranta, na masu haya da ke kwana suna kiɗan biki ko wa'azi a fili, duk wanda wutarsa ta kai bolt 55 zuwa sama ko ake jibga masa lasifika har nauyin ya sauka om 4 ko 2, ba na sa masa sai na cire da na gwada, ko na oda. Tsakanin waɗannan biyun lokaci ne ke hukunci: idan ana sauri kuma ina da cikakken layi, na cire, idan injin mai tsada ne kuma mai shi zai iya haƙurin sati biyu ko uku, oda. Wani zai ce, "Maigida, wancan shagon rabin kuɗinka ya faɗa." Sai in ciro fasassun nan biyu, don na ajiye su, in ɗora masa a tafin hannu in ce, "Alhaji, duba da idonka, sannan ka tambayi kuɗin naɗin lasifika biyu." Mafi yawa a nan suke yarda. Wanda bai yarda ba ina ba shi injinsa cikin mutunci.

Sau da yawa kuma ana ɗora wa transisto laifin da ba nasa ba. Na asalin ma zai ƙone idan ka bar abin da ya kashe na farko. Duba fararen rasistocin ƙafar E, masu om 0.22 ko 0.33 ko 0.47, don sukan yanke a ɓoye. Duba ƙananan da ke tuƙa manyan, irin 2SC4793 da 2SA1837 ko MJE15032 da MJE15033. Su ma suna mutuwa tare, su ma ana yin jabunsu. Sabunta mika, wato siririn faifan da ke tsakanin transisto da alminiyo, da man zafi. Kunnawar farko ta zama ta cikin ƙwan fitila mai wat 100, irin na da mai zare, a jere da wayar wuta. Na zamani marasa zafi ba sa wannan aikin, don haka idan ka samu na da ka ɓoye. Ƙwan ya haska ya dushe, alamar lafiya. Ya tsaya da haske, kashe ka koma bincike. Kafin ka jona lasifika auna bakin fita, ya kasance kusa da sifili, kar ya wuce milibolt 50 ko makamancin haka. Saita bayas, wato 'yar wutar da ke gudu a manyan transistocin ko babu sauti, ka bar amfilifayar ta ɗumama, ka sake aunawa. Daga nan ka ɗora mata babbar rasista mai om 4 ko 8 a madadin lasifika, ka buɗe ta sosai na rabin awa, hannunka na kai-komo a kan alminiyon.

Amfilifayar masallacin nan da na cire na gyara ta a karo na biyu, daga wani inji da tiransifomarsa ta ƙone, guda takwas 'yan layi ɗaya. Naɗin lasifikun ni na biya. Ta kwana biyu a shago a kan rasista kafin na yarda Ladan ya ɗauka, ana gobe za a fara tafsiri.